Wa ya biya kuɗin dogon da ya tsaya a Ƙaura?

Yau daga gida zan fara, daga Kamarawa ta ƙasar Isa.

Kakana ya sha ba mu labarin yadda suke ɗaura gyaɗa a bayan jakuna, su bi ta Shinkafi, su kwana a hanya, har su isa Ƙauran Namoda inda sikeli yake, inda kuma titin jirgin ƙasa ya ƙare. Duk sa'ad da ya zo nan a labarin sai ya ce: "Mu munka biya, amma dogo bai san hanyar gidanmu ba." Ina yaro na ɗauka ƙorafin tsufa ne kawai. Sai da na girma na bi sawun kuɗin, na ga ashe tsohon lissafi yake yi.

To bari mu koma baya, har Indiya, don a can Turawan Ingila suka fara gwada dabarar. A 1849 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanoni masu zaman kansu cewa su kawo jari daga Landan su shimfiɗa dogo, gwamnati kuma ta lamunce musu ribar kashi 5 cikin ɗari kowace shekara. In jirgi bai kawo wannan riba ba, a cike giɓin daga harajin mutanen Indiya. Ku duba fa: kamfani ba ya asara ko da ya yi almubazzaranci, don haka ba abin da zai sa ya yi tattali. Jirgin fasinja na farko ya tashi daga Bombay zuwa Thane a 1853, amma tsadar aikin ta yi yawa har daga 1869 gwamnati ta fara gina wasu layukan da kanta.

Da aka zo kan Afirka ta Yamma, wannan darasi yana zukatansu. Kamfanoni sun nemi a ba su irin wancan lamuni, ba a ba su ba. Joseph Chamberlain, wanda ya karɓi ma'aikatar ƙasashen mulkin mallaka a 1895, ya amince gwamnatin Ikko ta gina nata. Aka fara a 1896, aka buɗe layin Ikko zuwa Ibadan a 1901. Masu tafiyar da aikin suna zaune a Landan: wani ofishi da ake kira Crown Agents shi ke nemo bashi, shi ke sayen ƙarafa da injuna, injiniya mai ba da shawara kuma, William Shelford, yana can Ingila yana aiko da umarni. Bashi daga Landan, kaya daga masana'antun Ingila, ruwan bashi ya koma Landan. Abin da ya rage a nan shi ne biya. Kuma mafi yawan kuɗin shigar Ikko a lokacin daga kuɗin fiton barasar da ake shigowa da ita yake fitowa.

Wannan batun barasa kada ku manta da shi, don ya shafe mu. Bayan an ci Sakkwato a 1903, gwamnatin Arewa ba ta da tashar ruwa, ba ta da kuɗin fito na kirki, an kuma hana shigo da barasa ƙasar Musulmi. Da tallafin baitulmalin Ingila take rayuwa. To da me za ta gina dogo? Sai aka sa gwamnatin Kudu ta ɗauko bashin layin Baro zuwa Kano. Aka kawo Percy Girouard a 1907, injiniyan soja ɗan Kanada wanda ya shimfiɗa wa Kitchener dogo a hamadar Sudan, aka ce ya yi aikin da arha.

Arhar kuwa a wuyan talaka ta fito. Ta hannun sarakuna da hakimai ake ɗebo ma'aikata, kowane gari da adadin da aka yanka masa, mutum ya bar gonarsa ya je haƙa da ɗaukar ƙasa ko yana so ko ba ya so. Ana biyansu, gaskiya ne, da tsabar kuɗin Bature, kuɗin da kuma shi za a dawo a nema a hannunsu a matsayin haraji maimakon wuri. Dogo ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe layin Ikko da na Baro ƙarƙashin hukuma ɗaya, a 1914 aka haɗe ƙasar kanta. A ganina duk mai son fahimtar haɗewar 1914 ya fara duba littafin bashin reluwe kafin ya duba jawaban Lugard.

Auduga Turawa suka sa rai za ta cika taragai don masaƙun Lancashire. Manoma da fataken Kano suka yi nasu lissafin suka zaɓi gyaɗa. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000.

Yanzu ga namu. Reshen da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, a nan ya tsaya. Tun ina ƙarami nake jin ana cewa saura kaɗan a kai shi Sakkwato. Amma dogon da aka gina da bashi, kowace mil sai ta nuna za ta iya biyan ruwanta da kayan da za ta ɗauka. A shekarar da ya isa Ƙaura kasuwannin duniya suka durƙushe, farashin gyaɗa ya faɗi, ga motocin lori sun fara shigowa. Kuma me zai sa a kashe kuɗi a kawo ƙarfe Isa ko Sabon Birni, alhali jakin kakana yana kai kayan har bakin sikeli ba tare da gwamnati ta kashe ko anini ba? Haraji dai ana karɓa a Kamarawa kamar yadda ake karɓa a Gusau, kuma wani kaso nasa asusun gwamnati yake shiga, asusun da ake biyan bashin daga cikinsa.

Abin da ya tuna mini da duk wannan shi ne sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Katsina da Jibiya. Shi ma da bashin waje ake gina shi. Zai ƙare kusa da Tsibiri, inda 'yan'uwanmu Gobirawa suke, ya bar mu ta yamma da shi kamar yadda na 1929 ya bar mu ta arewa. Da na faɗa wa wani kawuna haka a waya, tambaya ɗaya ya yi mini: "To shi wannan, shekara nawa za a yi ana biya?"