Alamu da Al'ajibai a Ƙasar Zazzau: Abin da Tarihin Ikkilisiya Ya Koya Mana

Yau za mu waiwayi baya, mu dubi yadda kakanninmu cikin bangaskiya suka fuskanci zancen al'ajibai a ƙasar Zazzau. Magana ce da ke damun masu bi da yawa. Wani yana kwance ba lafiya, an yi addu'a bai tashi ba, sai a ce masa bangaskiyarsa ce ta kasa. Wata kuma an hana ta shan magani, wai yin haka rashin dogara ga Allah ne. Tambayoyin nan sun girme mu duka. An yi su a Gimi, an yi su a Sabon Gari, an kuma yi su a Samaru.

Bari mu fara daga Kano. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, an yi wani malami mai suna Ibrahim. Cikin karatunsa ya lura da irin girman da aka ba Annabi Isa, har ya soma koya wa almajiransa cewa ga Isa ya kamata a zuba ido. Maganar ta kai fada. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano ta hanyar tsirewa. Almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, waɗansu suka ɓuya cikin ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau da Bauchi. Su ne ake kira Isawa. Labarin da 'ya'yansu da jikokinsu suka riƙe shi ne, kafin mutuwarsa Malam Ibrahim ya ce musu su jira, Allah zai aiko da waɗanda za su kawo musu cikakken labarin Isa.

Suka yi ta jira shekara da shekaru. A 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar CMS ya taso daga Ikko tare da mutum huɗu, suka isa Kano. Sarki Alu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar garin. Suka koma Girku, a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. A idon mutum tafiyar ta zama asara. Amma cikin ayarin akwai wani saurayi likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus. Shi ya dawo, a 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani, ya kama aikin fassarar Littafi Mai Tsarki.

A 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka zo Zariya wurin Likita Mila. Da suka ji bishara, suka ce wannan ne abin da aka ce wa iyayensu su jira. Aka je ƙauyukansu, mutane da dama suka ba da gaskiya, aka yi musu baftisma. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya ba da ƙasa a Gimi, aka kafa ƙauyen masu bi, da majami'a da makaranta da gonaki, ƙarƙashin kulawar Rabaran W. A. Thompson, baƙin mutum daga tsibiran Karibiyan. Ku duba wannan abu da kyau. Mutanen da ba su taɓa ganin mai bishara ba sun riƙe wata magana fiye da shekara arba'in, ga shi ta cika a gaban idonsu. In ana neman al'ajibi a tarihin ikkilisiyar Hausa, to, ga shi nan.

Amma labarin bai tsaya nan ba. Kurmin bakin rafin Gimi cike yake da ƙudan tsando, wanda cizonsa ke sa ciwon barci. Cutar ta shiga ƙauyen. Mutum zai fara da zazzaɓi da kumburin wuya, daga baya barci ya rinjaye shi dare da rana, har rai ya yi halinsa. Aka yi addu'a, aka yi kuka, aka yi ta binne manya da yara. Kafin ƙauyen ya cika shekara goma sai da aka tashi daga wurin, waɗanda suka ragu suka koma Zariya.

To, me za mu ce? Bangaskiyar mutanen Gimi ce ta kasa? Mutanen da suka bar dangi da gonakin gado saboda sunan Yesu? Ko kusa. Allah da ya cika maganar da suka jira bai ga dama ya tsai da cutar ba, dalilin kuwa yana wurinsa. Haka muke gani a Ibraniyawa sura 11, inda aka jera waɗanda suka tsira ta wurin bangaskiya tare da waɗanda aka kashe cikin bangaskiya, aka kuma yaba musu duka. Manzo Bulus ma ya roƙi Ubangiji sau uku a kan ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ta ba.

Sauran mutanen Gimi suna cikin waɗanda suka zama tushen jama'ar Wusasa, lokacin da mishan ya tashi daga birni ya koma can a 1929. Aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa, ginin Hausa, ga makaranta, ga asibitin St. Luke. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, aikin da Likita Mila ya ba mafi yawan ƙarfinsa. Daga makarantar mishan ɗin nan aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ciwon barcin ma an sami kansa. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka yi babban aiki a ƙasar Anchau, aka sare kurmin bakin rafuka inda tsando ke haihuwa, aka haƙa rijiyoyi, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Warkarwar da mutanen Gimi suka roƙa ta zo wa 'ya'yansu ta hannun masu gatari da masu allura. Wa zai ce babu hannun Allah a ciki?

Yanzu mu gangara Sabon Gari. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya wajen 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika unguwar, kowa da ikkilisiyarsa. A 1918 annobar mura ta mamaye duniya, ta shigo ta Ikko, ta bi hanyar jirgi zuwa Arewa. Likitoci ba su da maganinta, a wurare da yawa ma an rufe majami'u. A Ijebu-Ode waɗansu masu bi suka kafa ƙungiyar addu'a, suka ce Allah kaɗai ne mai warkarwa. Daga irin wannan ƙishi ne ikkilisiyoyin da ake kira Aladura suka fito, wato masu addu'a da harshen Yarbanci. A 1925 aka kafa Kerubim da Serafim ta hannun Moses Orimolade da Christiana Abiodun. A 1930 aka yi babbar farkawa a Ilesha ta wurin wa'azin Joseph Babalola, dubban mutane suka zubar da layu da gumaka, da yawa suka ba da shaidar warkewa. Akawuna da 'yan reluwe suka ɗauko wannan koyarwa zuwa sabon garuruwan Arewa, har da na Zariya.

Dole mu faɗi alherin da ke ciki. Mutanen ƙasarmu sun san tsoron maita da iskoki. Bahaushe ya san bori, ya san boka, ya san laya da rubutun sha. Sau da yawa wa'azin Turawan mishan bai taɓa wannan tsoro ba, sai mai bi ya je sujada ranar Lahadi, daren Litinin kuma ya lallaɓa gidan boka. Masu addu'ar nan suka tsaya a kan cewa sunan Yesu ya fi ƙarfin kowace iska, suka koya wa talaka azumi da roƙo. Wannan gaskiya ce ta Littafi, ikkilisiya kuwa tana bukatarta.

Sai dai waɗansu sun zarce, suka haramta kowane irin magani, na gargajiya da na asibiti. Wajen 1939 zuwa 1940 gardama ta tashi tsakanin shugabanninsu da Turawan Apostolic da suka zo daga Ingila, domin an ga Turawan suna shan kwinin saboda zazzaɓin cizon sauro. Aka rabu, ɓangare ɗaya ya zama Christ Apostolic Church. Gardamar ƙwayar kwinin ta tsaga ikkilisiya biyu. Amma mu tuna, wanda ya rubuta Bishara ta uku da Ayyukan Manzanni likita ne. Annabi Ishaya ya kawo wa Sarki Hezekiya alkawarin warkewa, shi ne kuma ya sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Bulus, wanda Allah ya yi manyan al'ajibai ta hannunsa, ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas ba lafiya a Militas. Addu'a da magani daga hannu ɗaya suka fito.

Sai Samaru. Da can gonar gwajin aikin noma ce, tun shekarun 1920. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, matasa daga kowane sashe na ƙasa suka taru. Ƙungiyar ɗalibai masu bi ta FCS, wadda aka kafa a 1957, ta yi ƙarfi a cikinsu. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, wata farkawa ta ratsa jami'o'i da kwalejojin Nijeriya. Aka riƙa jin zancen baftismar Ruhu Mai Tsarki, da magana da harsuna, da annabci, da fitar da aljanu. Dattawan ikkilisiya da yawa suka tsorata, suka ga yara suna raina manya. Matasan kuma suka ga kamar dattawan sun yi sanyi. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya, yana kuma da nasa laifi.

Da me za a auna wannan farkawa? Da 'ya'yan da ta haifa. A 1975, a nan Zariya, Bayo Famonure da waɗansu matasa 'yan'uwansa suka kafa ƙungiyar bishara ta Calvary Ministries, wadda aka fi sani da CAPRO. Masu digiri suka bar aikin albashi, suka tafi ƙauyukan da ba mota ba asibiti, suka koyi harsunan mutane, daga baya har suka ƙetare zuwa waɗansu ƙasashen Afirka. Ba kowa ne ya ga gurgu ya miƙe ba, amma kowa ya ga saurayin da ya rabu da son duniya. Wannan ma aikin Ruhu ne, ba ƙarami ba.

Gwaji ya biyo baya. A watan Maris 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, aka yi ɓarna a kan masallatai da majami'u, cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Zariya. Aka ƙone majami'u masu yawa a Sabon Gari da Samaru da Wusasa. Ba wutar da ta sauko daga sama don ta kāre gine-ginen. Duk da haka masu bi suka taru suka yi sujada cikin toka, sannu a hankali suka sake gini. A watan Oktoba 1991 kuma aka shirya babban taron wa'azi da warkarwa na Reinhard Bonnke a Kano. Tun ba a fara ba tarzoma ta ɓarke, rayuka da yawa suka salwanta, Kirista da Musulmi, aka fasa taron. Abin ya sa dattawa da yawa suka sake tunani a kan yadda ake tallan al'ajibi. Ubangijinmu sau da dama yakan warkar da mutum ya kwaɓe shi kada ya yayata.

'Yan'uwa, ga abin da za mu ɗauka daga wannan tarihi. Na ɗaya, Allah yana aiki har yanzu, kada mu daina roƙo. Yakubu sura 5 ta umarci mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a, mu yi hakan da zuciya ɗaya. Na biyu, kada mu ɗora wa mara lafiya laifin ciwonsa, mu tuna da kaburburan Gimi. Na uku, wanda aka ba shi maganin hawan jini, ko na ciwon sukari, ko na tarin fuka, ya ci gaba da sha yana addu'a. In ya ga ya warke, ya koma likita ya duba shi, kamar yadda Yesu ya aiki kuturun da ya warkar wurin firist. Na huɗu, mu gwada ruhohi yadda Yohanna ya gargaɗe mu. Duk wanda ya sa wa mai ko ruwa kuɗi, ya ce sai an biya kafin Allah ya ji, ya bi sawun Siman mai sihiri na Ayyukan Manzanni sura 8, wanda Bitrus ya tsauta wa. Haka nan wanda annabcinsa ke raba miji da mata, ko ya sa a kira tsohuwa mayya, ku guje shi.

Isawan nan da suka zo Zariya a 1913 labarin Yesu suka zo nema, shi kuwa suka samu, suka riƙe shi cikin lafiya da cikin ciwo har ƙarshe. Kai fa, ɗan'uwa, me ya kawo ka majami'a?

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka saboda waɗanda suka riga mu cikin wannan hanya a ƙasar Zazzau. Ka taɓa marasa lafiya da ke cikinmu, ka sa albarka a hannun likitoci da masu jinya. Inda ka ce mu jira, ka ba mu haƙuri. Ka tsare ikkilisiyarka daga masu ruɗi, ka ba ƙasarmu salama. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.