Na'ibin Malamin Wasanni a Ƙasar Birnin Kudu

Duk wanda ya yi nufin rubuta tarihin ƙwallon ƙafa a kudancin Jigawa, tun daga Birnin Kudu har Gwaram da ke iyaka da ƙasar Bauchi, lalle ne ya faro daga filin makaranta, domin kuwa makarantun kwana su ne suka reni wannan wasa tun yana jariri, babbarsu kuwa ita ce kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu, wadda aka kafa tun zamanin Turawa, sa'ad da yankin nan duka yake cikin lardin Kano, ta kuma yaye mutane masu ɗimbin yawa, har da Alhaji Aliko Dangote. To, amma idan marubucin nan ya tsaya ga sunayen shugabannin makaranta da manyan malaman wasanni kaɗai, haƙiƙa ya bar wanda ya fi kowa cancantar ambato, watau mataimakin nan da yakan shekara ashirin ko talatin a bakin fili guda, alhali waɗanda yake yi wa hidima suna zuwa suna wucewa bisa ga takardar canjin wurin aiki.

Mu da muka yi wannan aiki mun san yadda rabonsa yake. Babban malami shi ke riƙe da usur ranar gasar gidaje, shi ke gaisawa da manyan baƙi, shi kuma ake ɗauka hoto da kofi. Amma wanda yake fita bayan sallar la'asar ya tara yara su tsince ƙaya da tsakuwa, ya ja layi da toka idan babu farar ƙasa, ya kai fasasshiyar ƙwallo wurin baduku a ɗinke, ya ɗaure wa mai targaɗe ƙafa, ya kuma san wane yaro ne ya shigo fili da yunwa, wane ne kuma mahaifinsa ya hana shi tamaula don gudun kada ta shagaltar da shi ga barin karatu, to, wannan mataimakin ne. Sau da yawa shi ke tafiya har zauren uban, ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, amanar yaron nan tana wuyana, ba zai rasa salla ba, ba kuma zai rasa darasi ba." Matsayinsa kamar na na'ibin liman ne, wanda ba a ambatonsa sai ranar da liman ya yi tafiya, sa'an nan jama'a su gane cewa da ma shi ke riƙe da masallacin.

Zamani ya yi ta juyawa a kansa. A 1976 aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka yawaita har cikin ƙauyuka, yara suka ninka, kayan wasa kuwa ba su ninka ba. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa, a 1990 aka kafa Kano Pillars, a 1991 aka cire Jigawa daga jihar Kano, daga baya ta sami tata ƙungiyar, Jigawa Golden Stars. Tun 1974 akwai cibiyar koyar da wasanni ta ƙasa a Legas mai ba da shahadar horarwa, sai dai galibin mataimakan da na yi zamani da su ba su taɓa taka ƙofarta ba. Ilminsu na baki da baki ne, daga malami zuwa almajiri, isnadin da ba a rubuta shi a littafi ba, kuma a ganina wannan bai rage masa daraja ko kaɗan ba.

Wanda yake shakkar abin da haƙurin irin waɗannan mutane yake haifarwa, sai ya dubi Ibrahim Musa, wanda Kanawa ke kira Jugunu. Ya daɗe yana aiki a gidan Pillars a bayan waɗansu, ana ɗauko manyan masu horarwa daga nesa, har aka miƙa masa ragama a 2017 bayan tafiyar Kadiri Ikhana. A 2018 ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, inda Rangers ta Inugu ta farke ƙwallo uku ta kuma yi galaba a bugun fenareti, musibar da ta isa ta karya zuciyar wanda bai saba da jira ba. Amma da shekara ta zagayo, a 2019, sai ya doke Niger Tornadoes a Kaduna ya ɗauko kofin, wanda rabon Kano da shi tun 1953.

Jugunu dai ya sami ranarsa, takwarorinsa na makarantun Birnin Kudu da Gwaram kuwa yawancinsu sun yi ritaya ba tare da ko takardar yabo ba, waɗansu ma sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Saboda haka ina roƙon ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, musamman na Birnin Kudu da Allah ya yi wa buɗi, da su nemi waɗanda suka rage da rai, su ziyarce su, su rubuta abin da ke bakinsu, su kuma sa wa gasar gidaje sunayensu tun suna iya zuwa bakin fili su gani da idonsu.