Adaka: Sana'ar da Ba a Rubuta Ba

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743) aka fara kawo bindigogi Kano daga ƙasar Nufe, kuma Babba Zaki (1768-1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Fataken Turawa ke sauke su a bakin teku, su bi hannu-hannu har Arewa. Da gyara maƙeranmu suka soma, sannu a hankali suka ƙware wajen ƙera adaka tasu.

A ƙasarmu ta Birnin Gwari, mai son wannan sana'a ba shi da makaranta sai maƙera. Yaro kan daɗe yana zuga wuta, yana kallon hannun ubangidansa, kafin a ba shi gyaran kunama. Sassaƙa ƙota a wurin masassaƙi ake koyonta, ladubban riƙe bindiga kuwa a wurin maharba. Ba a koya wa yaron da ba a yarda da halinsa ba.

Zamani ya juya. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko mallakarta ba da lasisi ba, dajin Kamuku ya zama gandun ƙasa a 1999, kalmar "'yan bindiga" kuwa, wadda a da ke tuna mana hawan Sallah, ta koma sunan masu kore mu daga gonakinmu.

'Yan uwa mazauna birane, tsofaffin maƙeranmu suna ƙarewa. Ya kamata ƙungiyarmu ta naɗi tarihinsu daga bakinsu, ta kai Arewa House da ke Kaduna a adana. Allah Ya maido mana da zaman lafiya, amin.