Daga gungumen kisa zuwa sarƙar wuya: tafiyar gicciye

Lokacin da Yesu Almasihu ya gargaɗi almajiransa cewa bin sa yana tattare da ɗaukar gicciye, babu wanda ya ji maganar ya tuna da kayan ado. Gicciye a wurinsu gungume ne da Romawa ke kashe bayi da 'yan tawaye a kansa, tsirara, a bakin hanya, domin mai wucewa ya gani ya shiga taitayinsa. A shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu, bayan an murƙushe tawayen bayi da Sipatakus ya jagoranta, an gicciye kusan mutum 6,000 a jere, tun daga garin Kapuwa har zuwa Roma.

Shi ya sa Kiristocin farko ba su yi gaggawar zana shi ba. A bangon kaburburansu an fi ganin hoton kifi, ko makiyayi saɓe da tunkiya. Ɗaya daga cikin zanen gicciye mafi daɗewa ma na mai ba'a ne: a 1857 aka tono shi a wani bango a Roma, mutum mai kan jaki rataye a gungume, wani a tsaye yana yi masa sujada. Haka maƙwabta ke kallon masu wannan bangaskiya. Wanda ya karɓi baftisma a lokacin ya san yana iya rasa dangi da dukiya, wani lokaci har da rai.

Sai al'amari ya juya. A 312 Sarki Konstantin ya ci yaƙi a gadar Milbiyan, bayan ya ce an nuna masa alamar Almasihu, kuma shekara guda bayan haka aka ba Kiristoci 'yancin yin addininsu. A 380 Kiristanci ya zama addinin daula. An huta da tsanantawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da a da ke jawo wa mutum hasara yanzu shi ke buɗe masa ƙofar fada. Gungumen da aka kashe marar makami a kansa ya hau tutar mayaƙa, har a 1095, da Fafaroma Uban na Biyu ya yi shelar yaƙin ƙwato Urushalima, mayaƙan suka riƙa ɗinka shi a rigunansu. A ganina, a nan ne ma'anarsa ta fi yin nisa da asalinta.

Masu jan kunne ba su taɓa ƙarewa ba. A 1518, a Haidalbag, malamin addini Matin Luta ya dage cewa a cikin wahala da gicciye ake gane Allah, ba a ƙasaita ba. Sai dai wanda ya fi fito da maganar fili a zamaninmu wani fasto ne Bajamushe, Ditirik Bonhofa. A idonsa wani ɓangare na ikkilisiyar Jamus ya miƙa wuya ga Hitila, har suka sa alamar 'yan Nazi a tsakiyar gicciye a tutarsu, suka kuma nemi korar fastocin da ke da jinin Yahudawa. A 1937 ya fitar da littafinsa kan almajiranci, inda ya soki masu rarraba alherin Allah kamar kayan gwanjo: gafara ba tuba, baftisma ba horo, addini ba biyayya. A wannan shekarar ce 'yan sandan ciki suka rufe makarantar horar da fastoci da yake shugabanta a Finkenwalde.

Rubuta irin wannan magana ba wuya, kowa ma zai iya. Abin da ya ba ta nauyi shi ne abin da ya biyo baya. A watan Yuni na 1939 abokansa suka samar masa mafaka a Amurka, amma bayan 'yan makonni ya hau jirgin ruwa ya koma gida, domin yana ganin ba shi da bakin magana wajen sake gina ikkilisiya bayan yaƙin da ake hangen zuwansa in bai sha wahalar tare da mutanensa ba. An kama shi a Afrilun 1943. Ranar 9 ga Afrilu, 1945, aka rataye shi a sansanin Folosenbag, yana da shekara 39, makonni biyu kafin sojojin Amurka su iso wurin.