Daga Kakalaba zuwa Garin Kaka: darasin rijiya

A yunwar Kakalaba ta 1914, da farin 1973, jama'ar arewa sun kwararo kudu neman hatsi, zauruka da masallatai suka karɓe su. Bayan kusan rabin ƙarni, hanyar ta juya. A 2019, hare-haren 'yan bindiga suka kori mutum fiye da 40,000 daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi.

Hukumomin Nijar da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kauce wa kafa sansani mai shinge. Suka kai wasu daga cikin baƙin nesa da iyaka, suka zaunar da su a gefen ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori. Aka samar da ruwan sha, azuzuwa da ɗakin shan magani, baƙo da ɗan gari suna amfana tare. Hikimar a fili take: idan famfo na kowa ne, layin ɗibar ruwa ba ya zama fagen gaba.

A kudancin Katsina kuwa, akasarin waɗanda suka baro ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara sun raɓe ne a gidajen dangi da kangaye a garuruwa irin su Funtuwa. Nauyinsu na wuyan masu masauki. Buhun shinkafa yakan ƙare cikin makonni, amma rijiyar burtsatse, makewayi da injin niƙa a unguwar da ta karɓi baƙi sukan rage wa gida biyu wahala shekara da shekaru. Mai niyyar taimako ya fara da wannan lissafi.