Yadda Ake Bibiyar Sabon Ɗan Ƙwallo Daga Filin Ƙauye Zuwa Babbar Gasa

A garuruwa irin su Bichi, Dambatta, Makoda, Kunchi da Tsanyawa, inda gonaki ke manne da juna, filin makarantar firamare ne galibi wurin da ake fara gane matashi mai hazaƙar ƙwallon ƙafa. Abin da ke biyo baya ya danganta ne da wanda ya ga wasansa, da kuma ko an rubuta abin da ya yi.

Matakan gasa a Najeriya

Ƙwallon ƙafa na ƙungiyoyi yana da hawa uku a matakin ƙasa: NPFL mai ƙungiyoyi 20 a sama, sai NNL, sannan NLO, wadda ƙananan ƙungiyoyi ke fafatawa a cikinta. Ƙasa da su akwai gasannin jiha da na ƙananan hukumomi. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2025 kuma Barau FC, ƙungiyar Sanata Barau Jibrin mai wakiltar Kano ta Arewa, ta samu hawa zuwa NPFL.

Abin da masu farautar 'yan wasa ke dubawa

Yawan ƙwallayen da matashi ya ci ba ya isa hujja a watannin farko. Ana duba mintunan da ya buga, ƙarfin abokan karawarsa, yadda yake jure wasannin waje, da shekarunsa idan aka kwatanta da na sauran 'yan wasa. Ahmed Musa misali ne: ƙwallaye 18 da ya ci wa Kano Pillars a kakar 2009/2010 suna rubuce, kuma a 2010 ya koma VVV-Venlo ta ƙasar Holan.

Yadda ake yi a Amurka

A wasan besbol, tun 1965 ƙungiyoyi ke zaɓar sabbin 'yan wasa bi da bi kowace shekara. Daga 2021 zaɓen ya koma zagaye 20, kuma waɗanda aka ɗauka suna ratsa ƙananan gasanni masu hawa huɗu da suka ƙunshi ƙungiyoyi 120. Ana ajiye alƙaluman kowane wasa, kowa na iya duba su a intanet.

Dalilin da rajista ke da muhimmanci

Dokokin FIFA sun tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa yana cikin kwantiragi, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin domin ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Tun 2022 FIFA na bin wannan haƙƙi ta wata cibiyar biyan kuɗi da ke dogaro da tarihin rajistar ɗan wasa. Ƙungiyar ƙauyen da ba ta yi wa yaronta rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ba, ba za ta fito a wannan tarihi ba, don haka kasonta ya salwanta.

Wannan ne ya sa kofunan da 'yan siyasa ke sanyawa gabanin zaɓe ba sa wadatarwa. Tambayar da ta dace matasa su yi wa shugabannin ƙananan hukumomi ita ce ko gasar tana da rajista, kuma wa ke ajiye sunaye, shekarun haihuwa da sakamakon wasanni bayan an raba kyaututtuka.