Turancin Littafi: Daga Kwalejin Katsina Zuwa Funtuwa



Jarrabawata ta farko a foliteknik, tambayar farko ta soma ne da kalmar "justify". Darasin na san shi, na haddace shi tas. Amma na tsaya ina kallon kalmar nan kamar baƙon da mota ta sauke a mararrabar Sheme da tsakar dare, bai san ina ne hanyar Ƙanƙara ba. Na zuba duk abin da ke kaina a takarda, na fito ina murna. Da sakamako ya fito sai ga ɗan maki kaɗan. Ashe malamin hujja yake nema, ni kuwa labari na ba shi. Ni da na ci kiredit ɗin Turanci a WAEC! Tun ranar nake tambayar kaina, waɗanda suka riga mu ta yaya suka haye wannan rafi?

Boko a Arewa da Hausa ya fara. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ake koyarwa, haka ma elementare daga baya. Inda aka fara koyar da Turancin littafi da gaske shi ne Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a watan Maris na 1922. Ahmadu Bello ya shige ta a 1926, Abubakar Imam a 1927, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1928. Mukan saurari tsofaffin jawaban Tafawa Ɓalewa mu ce kai, mutanen da sun iya Turanci, 'yan yanzu kuwa sai a hankali. Gaskiya ne sun iya. Sai dai a duba lissafin: 'yan tsiraru ake tsamowa daga kowane lardi, a ajiye su a makarantar kwana shekara biyar, masu harshen da kansu na koya musu. Duk faɗin Arewa kwaleji ɗaya. Wannan ai gata ne, ba hazaƙa kaɗai ba. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau.

A waɗannan shekarun akwai wani malami Bature, Michael West, da ya daɗe yana koyarwa a yankin Bengal na Indiya ta wancan lokaci. Ya lura yara na gudun karatu ne don kowane shafi cike yake da baƙin kalmomi. Sai ya tsara littattafan da ke shigo da kalmomi kaɗan-kaɗan, suna maimaituwa har su zauna. A 1935 shi da abokin aikinsa suka fitar da ƙamus wanda duk bayaninsa bai fita daga kalmomi ƙasa da 1,500 ba, a 1953 kuma ya buga jerin kalmomi wajen 2,000 da aka fi amfani da su. Tambayi duk dattijon da ya yi makaranta kafin UPE ta 1976 ko ya san ƙamus ɗin Michael West, ka ga yadda fuskarsa za ta washe.

Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 matsalar ta fito fili: ga jami'a a Zariya, amma 'yan Arewa masu takardun shiga ba su da yawa. A zamanin Farfesa Ishaya Audu aka buɗe makarantar share fage ta SBS, inda ɗalibi zai zauna a gyara masa tushe kafin ya shiga digiri, a 1976 kuma aka kafa jarrabawar IJMB. Jikar wannan tunani ita ce SBRS ta Funtuwa, nan kusa da mu. Wato manyanmu sun yarda cewa tsakanin sakandare da jami'a akwai rami, suka yi masa gada.

Girman ramin ma an auna shi. A 2000 wata malama a ƙasar Niyu Zilan, Averil Coxhead, ta tace rubuce-rubucen jami'a masu kalmomi miliyan 3.5, ta ware kalmomi 570 da 'ya'yansu, waɗanda ba sa cikin jerin West amma suna yawo a kowane fanni. Kusan ɗaya cikin kowace kalma 10 ta littafin jami'a daga cikinsu take. Irin su "analyse", "evaluate", "assume", har da "justify" ɗin da ta kayar da ni. Ba a jin su a fim ko a sharhin ƙwallo, kuma malamin jami'a ba ya tsayawa fassara su, ya ɗauka da su ka zo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A zaure, ɗalibi ya karanto kalmar Larabci, malam ya ba shi ma'anarta da Hausa, kalma bayan kalma. Ishiriniya da Maƙamatul Hariri ai har don luggar da ke cikinsu ake karanta su. Malaman zaure sun san harshen littafi daban yake da na kasuwa, ba su taɓa barin ɗalibi ya tsince shi a hanya ba. Mu a boko aka hana mu Hausa a aji, har da tara, sannan ba a ba mu ma'anar ba. Sai hadda.

Yanzu a ɗora wannan a kan halin da yankinmu ke ciki. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, an rufe makarantun kwana na tsawon lokaci. Yara da yawa a ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun yi gudun hijira, zango-zango sun wuce ba su ga allo ba. Su ne yau ke zama JAMB, inda Turanci dole ne ga kowa, da takarda iri ɗaya da ɗan Legas. In ma sun tsallake, kwas ɗin Turanci na shekarar farko a ɗakin taro ake yin sa, mutum ɗaruruwa, na baya ko muryar malam ba ya ji. SBRS kuwa sai mai kuɗin biya.

Ni dai tun bayan sallar layya nake zama da ƙannena uku duk Asabar bayan la'asar, da jerin Coxhead a waya. Kalma 10 a mako, irin na zaure: su karanto, in fassara, kowa ya gina jimlarsa. In Allah ya kai mu, mako 57 za mu sauke. Makon jiya a kan "assume" muka tsaya. Ni na ce "ɗauka", ƙanwata ta ce a lissafi "ƙaddara" ya fi dacewa, kamar a ce mu ƙaddara kuɗin buhun masara kaza ne. Har aka kira magariba ba mu shirya ba, kuma da na kwana na tashi, ina ganin ita ce da gaskiya.